Likita Na Warkar Da Yaro, Unguwa Na Maido Da Ciwon

Iyayena da ke zaune a gaba, ina gaisuwa. Ƴan uwana matasa, maza da mata, da kuka baro fada da kasuwa da makaranta kuka zo, sannunku da zuwa. Masu bin mu a waya daga Damagaram da Tawa da Yamai, ku ma muna gaishe ku.

An ce in yi magana a kan lafiyar yara. Kun san ni, ni ba malamin asibiti ba ne. Abin da ya sa na karɓi maganar, wani abu ne da ya faru a gidanmu, kuma da shi zan fara.

Cikin watan Satumba na 2024, wajen ƙarfe biyu na dare, yayata ta buga mini waya. Ta ce, “Taso da moto, yarinyar nan ba ta motsi.” Lokacin a ajin wata makaranta suke kwana tare da wasu iyalai, tun da ruwan ƙarshen Agusta ya kayar da ɗakinsu. Mijinta yana Libiya wajen biɗa, wata shida babu aike. Na tarar da ɗiyar, watanta goma sha takwas, jiki kamar garwashi, tafin hannu fari fat. Yayata ta goya ta, muka nufi likita.

Malamar da ke gadi ta duba ta, ta ɗaga ido ta ce, “Baiwar Allah, ba ke ce kika kawo ta da bazara ba?” Yayata ta ce ita ce. “Da sanyi ma ke ce?” Ta ce ita ce. Da sanyi tari ne da haki, da bazara zawo, yanzu kuma ga palu da ƙarancin jini. Kwanciya uku ke nan cikin shekara guda. Ni da zafin kaina na juya na ce, “Yaya, wai me kike yi ne da yarinyar nan?” Ba ta ce mini uffan ba. Malamar ce ta ba ni amsa. Ta ce, “Malam, mu muna yi mata magani mu sallame ta. Ku ina kuke maida ta?”

An ƙara mata jini, ta rayu, alhamdu lillahi. Yaron da ke gadon kusa da ita, wanda aka kawo daga ƙauye, bai kai asuba ba.

Tun ranar tambayar malamar nan take bina. Ina muke maida su? Don mu samu amsa, ina so mu bi yaro guda na unguwa irin tamu, mu zagaya shekara tare da shi.

Mu fara da hunturu. Iska ta taso daga hamada da ƙura, gari ya yi hazo, leɓe na tsagewa. Yadda leɓe ke tsagewa a waje, haka cikin hanci da maƙogwaro ke bushewa, sai ƙwayar cuta ta samu hanyar shiga jini. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shi ya sa sanƙarau ke da lokacinsa a ƙasarmu: yana tasowa da rani, ya lafa idan ruwan farko ya sauka. Ba mu manta da 2015 ba, shekarar da ya kashe sama da mutum 500 a Nijar, har aka rufe makarantun Yamai cikin watan Afrilu. A wannan sanyin kuma ake shigar da murhu ko kaskon gawayi cikin ɗaki a rufe ƙofa. Uwa na girki, yaro na goye a bayanta, hayaƙin iccen da take shaƙa shi ma yana shaƙa. Sau da yawa da leda ake hura wutar. Jariri ya fi babba saurin numfashi, huhunsa kuma bai gama ƙwari ba. Tari da hakin da muke cewa “mura ce, za ta wuce” wani lokaci ciwon huhu ne, wanda ke cikin manyan masu kashe ƙananan yara a duniya.

Sanyi ya wuce, bazara ta shigo. A watan Afrilu da Mayu zafi na kai maki 44 ko 45. Ɗakin kwano ya zama tanda, kuran ya ɗauke, yaro na kuka har asuba. Jikinsa ƙarami ne, ruwan jikin na saurin ƙarewa. A lokacin ne famfo ke ƙafewa, ƴan garuwa su ƙara kuɗi. Mutanen Damagaram ba sai an ba su labari ba. Idan ruwa ya yi tsada a gida, na sha da na girki ake fara warewa, wankin hannu da wankin kwanon yaro su ne ke bin baya. Yaro kuma na rarrafe a tsakar gida inda kaji da awaki ke kashi, duk abin da ya tsinta sai baki. Zawo ya kama shi, ya tsaya, ya dawo. Hanjin da ke fama da ƙazanta kullum yana kumbura daga ciki, ya kasa tsotse amfanin abinci. Ka ba shi kunu ya sha, cikin ya cika, jikin bai samu komi ba.

Sai damina. Kowa na murna, amma ga ƙaramin yaro ita ce mafi wuyar shekara. Rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba, tiya ta yi tsada. Kunu ya tsinke, babu madara, babu ƙuli, babu wake a ciki. Uwa na gona ko tana neman abin da za a ɗora, an bar yaro hannun yayarsa ƴar shekara bakwai. A daidai wannan lokacin kwata ta toshe da leda, ruwa ya kwanta a ƙofar gida, sauro ya hayayyafa. Daga Agusta zuwa Oktoba palu ke cika asibitoci. Palu na fasa jajayen ƙwayoyin jini, ya kashe sha'awar abinci. Yaron da zawo ya riga ya rage wa ƙarfi, yunwa ta ƙara rage masa, shi ne palu ke kayarwa cikin kwana biyu. Idan ya tashi, ya tashi da tamowa, ita kuma tamowa ta buɗe ƙofa ga ciwo na gaba.

Kun ga yadda abin yake. A takardar likita za a rubuta suna guda, a ce palu. Amma abin da ya kwantar da ɗiyar yayata a daren nan ya haɗa da hayaƙin Janairu, da ruwan Afrilu, da kunun Yuli, da ɗakin da ya faɗi a Agusta. Kowanne ya ɗora nasa kaya a kan yaro guda, kuma babu wanda ya jira ɗan uwansa ya sauka.

Akwai wani kayan kuma da ba a gani a ma'aunin zafi, shi ne tsoro. Mun saba cewa yaro bai san komi ba. Wallahi ya sani, da jikinsa yake sani. Idan mutum ya firgita, jikinsa na sakin wani sinadari da ake kira kotizol, zuciya ta ƙara bugu, barci ya gudu, jiki ya shirya gudu ko faɗa. Wannan rahama ce idan na ɗan lokaci ne. Idan kuwa firgita ta zama ta kullum, babu babban da ke rarrashi, sinadarin na raunana garkuwar jiki, ya taɓa ci da barci da girma da riƙe karatu. Ku tuna cewa kafin yaro ya cika shekara 5 ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girmanta. A cikin wane yanayi ake wannan ginin?

Ana yin sa a gidan da ake faɗa kowace safiya a kan kuɗin cefane. Ana yin sa a ƙauyukan Madarunfa inda ake kwana kunne a buɗe saboda ƴan bindiga, da yankin Gidan Rumji inda tun 2019 dubban ƴan uwanmu daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka samu mafaka. Yaron da ya ga an kore shanun gidansu da bindiga, sai ka ga ya koma fitsarin kwance, ko ya daina magana, a ce iska ce ta taɓa shi. Ana yin sa kuma a bayan uwar da damuwa ta cinye. Yayata a watannin nan ba ta barci, ba ta cin abinci, ba ta da ƙarfin yi wa ɗiyarta wasa. Ni da ke gida ɗaya da ita ban lura ba, sai da na iya buɗe baki na tuhume ta a gaban mutane. Uwar da ke cikin baƙin ciki mai nauyi, shayarwa da kula da yaro na yi mata wuya, kuma ana ganin hakan a ma'aunin yaron.

Har abin da ake yanke wa a manyan tarurruka yana sauka a kan wannan yaron. Bayan 26 ga Yuli na 2023, da CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe iyakoki, aka yanke kuran da ke zuwa daga Najeriya, shinkafa da magani suka yi tsada. Ko wane ɓangare kake a siyasa, ka san jaririn wata takwas bai halarci taron kowa ba, amma da shi aka biya.

Wani zai ce, ai rai da ajali na Allah ne. Haka ne, babu mai musu. Amma ruwan sama guda ne ya sauka a Maraɗi a 2024, ɗakin siminti ya tsaya, ɗakin ƙasa ya faɗi. A faɗin ƙasa ambaliyar shekarar ta shafi sama da mutum miliyan ɗaya, ta kashe sama da 300, ta kayar da tsohon masallacin Birni a Damagaram, ta sa aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. Jaharmu na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Ku je ku duba su wa suka kwana a azuzuwa. Mai gas da firiji da famfo a tsakar gida ba ya cikinsu. Kwatar da ba a yashe ba, da filin da aka raba wa talaka a kan hanyar ruwa, aikin ɗan adam ne, kuma akwai ofishin da ke da alhakinsu.

In kuna son misali, ga Tibiri nan kusa da mu. Daga tsakiyar shekarun 1980 har wajejen 2000, mutanen garin na shan ruwan famfo mai ɗauke da sinadarin fuloraid da ya ninka abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi, wato miligiram 1.5 a lita guda. Ruwa ne garau, babu wari, babu launi. Dubban yara suka tashi da haƙora masu tsatsa, ɗaruruwa ƙasusuwansu suka lanƙwashe. Wace uwa ce za ta iya gane wannan da ido? Iyayen nan sun yi abin da aka ce su yi: sun bar rijiya sun koma famfo. Sai da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan adam, ANDDH ta nan gida da FIDH, suka bi maganar har suka fitar da rahoto a 2002, duniya ta ji. Haka kuma azuzuwan zana: a 13 ga Afrilu na 2021 gobara ta kashe yara aƙalla 20 a unguwar Pays-Bas ta Yamai, a 8 ga Nuwamba na shekarar kuma ta kashe aƙalla 25 a nan Maraɗi. Iyayensu makaranta suka aike su.

Shi ya sa nake roƙonmu mu rage saurin cewa “sakacin uwa ne”. Sakaci na nan, ba na musu. Amma idan kusan rabin yaran ƙasa ƴan ƙasa da shekara 5 tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, kamar yadda ƙididdigar abinci mai gina jiki ke nunawa a Nijar, to maganar ta wuce halin mace guda. A 2005 Maraɗi ce rumbun ƙasa, kasuwa cike da hatsi, kuma a nan tamowa ta fi yin ɓarna, don talaka ba shi da kuɗin saye. A shekarar ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, akasarinsu a wannan jahar.

Kada ku tashi daga nan da mutuwar jiki. Ƙasar nan ta taɓa nuna abin da za ta iya. A 1998, cikin yara 1,000 da aka haifa, kimanin 226 ba sa kai shekara 5. Zuwa 2009 adadin ya sauko wajen 128. An kai ga haka ne da ƙananan gidajen likita a karkara, da rabon sange, da bitamin A, da cibiyoyin tamowa, da dokar 2006 ta duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. A 2010 aka kawo allurar MenAfriVac, nau'in sanƙarau na A da ya addabi iyayenmu ya kusa ɓacewa. Tun 2013 ake bi gida gida da damina ana ba yara maganin rigakafin palu. A Mirriya ta jahar Damagaram, ƙungiyoyin BEFEN da ALIMA suka koya wa iyaye mata auna damtsen ɗiyansu da kansu, dabarar da yanzu ƙasashe da dama suka ɗauka. Duk wannan ya ceci rayuka. Sai dai yawancinsa aikin likita ne. Ɓangaren da ya rage a baya shi ne wurin da ake maida yaron, wato gida da unguwa, kuma nan ne mu muke zaune.

To me ya rage gare mu?

Na farko, kowace fada ta ɗauki unguwarta ta ƙirga. Kwata nawa ta toshe, juji nawa ke kusa da makaranta, famfo nawa ya mutu, ina ruwa ke kwanciya, aji nawa ne har yau na zana. A ɗauki hoto, a sa kwanan wata, a rubuta takarda, a kai ma'aikatar magajin gari tun watan Afrilu. A riƙe kwafi, a koma bayan sati biyu. Kukan da ake yi a Facebook cikin Agusta, bayan ɗaki ya faɗi, ya makara.

Na biyu, mu nemi a riƙa gwada ruwan da muke sha a kuma liƙa sakamakon inda kowa zai gani. Bayan Tibiri wannan haƙƙi ne. Mu kuma riƙa tambaya a kan duba yara kyauta: an daɗe ana kukan jinkirin biyan cibiyoyin lafiya kuɗin wannan aiki, kuma idan ba a biya su ba magani na yankewa, uwa ta fito da takardar sayen magani a hannu babu ko dala. Kafin ka zagi malamar da ke gadi, bi sawun kuɗin.

Na uku, abin da ke hannunmu yau. Idan masu rabon maganin palu suka zo, su na ranar farko kawai suke ba yaro, na rana ta biyu da ta uku a gida ake bayarwa. Yana da ɗaci, yara na tofarwa, a nan ake sakin sa. Ka zama kai ne mai tunawa a gidanku. Ka koyi igiyar auna damtse, aikin minti biyar ne: kore lafiya, rawaya a je a duba, ja kuwa, wato ƙasa da milimita 115, a tafi likita a ranar. Haka idan ƙafafu biyu suka kumbura, ko yaro na haki haƙarƙari na shiga ciki, ko ya kasa shan nono. Jariri kuma nono zalla har wata shida, ko da bazara, don ruwan da yake buƙata na cikin nonon, wanda ake ɗura masa kuwa shi ke kawo zawo. Ku tara kanku ku je ku ba da jini kafin Agusta. Na ga abin da leda guda ta jini ta yi da idona.

Na huɗu, ƴan uwana maza, da ku nake. Muna iya kwana a fada muna warware rikicin duniya, a gida kuwa matarka ko yayarka na tashi tun asuba neman ruwa da goyo a baya. Ɗauki bidon ɗin ka ɗora a moto. Abin da kake kashewa a kati da shayi a yini guda na sayen ƙwai da ƙuli na kunun yaro. Ka fitar da murhu daga ɗaki, ka hana hura wuta da leda. Idan za ku yi faɗa, kada ku yi a kan yaro. Idan ka ga mace ta yi shiru, ta rame, ta daina shiga mutane, zauna ka tambaye ta abin da ke damunta kafin ka tambaye ta abin da ta yi wa yaron. Babban da yaro ya amince da shi, mai ɗaukarsa idan ya firgita, yana rage masa illar duk waɗannan kayan da na lissafa. Kawu na iya zama wannan babban, baba ƙarami ma haka, maƙwabci ma haka.

Ɗiyar yayata na nan. Tana gudu, tana kirana kawu, tana ƙwace mini waya. Amma idan ta tsaya cikin sa'o'inta za ka ga ta fi su gajarta, kuma ta yi jinkirin magana. Malaman asibiti sun ce a ci gaba da abinci mai kyau da wasa da hira da ita, muna yi. Na ba yayata haƙuri a kan maganar da na faɗa mata a daren nan. Ta ce, “Ba komi, ƙanena, kai dai ka gyara mana kwatar ƙofar gida.” Mun yashe ta mu shida. Ta layin gaba har yau a toshe take, kuma sauron can bai san iyakar layi ba.

Waɗanda suka shirya ɗaukar unguwarsu, takarda na nan a bakin ƙofa, a rubuta sunan fada da unguwa kafin a fita. Masu bin mu daga nesa ku haɗa naku a garuruwanku, ku aiko mana mu haɗa.

Allah ya raya mana ɗiyanmu cikin lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba iyayensu haƙuri.